Masu jiragen ruwa, ku yi rajista da ƙungiyar mashigarku

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu jigila tsakanin Yauri da Warra da tsallaken Kainji. Duk mai kwale-kwalen inji da bai shiga ƙungiyar masu jirage ba, don Allah ya shiga.

Tun bayan hatsarin jirgin ruwa na Warra a watan Mayun 2021, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wato NIWA, ta matsa lamba kan rigar kariya da hana tafiyar dare. In jami'anta sun zo, shugabannin ƙungiya da Sarkin Ruwa suke nema, da su ake zama. Wanda ba ya ciki sai dai ya ji an yanke hukunci. Haka ma koke kan kututturan da ke ƙarƙashin ruwa suna fasa mana jirage: takarda mai sa hannun mutum hamsin ta fi bakin mutum ɗaya nauyi a hedikwatar NIWA da ke Lokoja.

Ga kuma sauƙin rigunan kariya in an haɗa kuɗi an saro da yawa.

Amma fa kafin ka ba da ko sisi, ka nemi ganin littafin shiga da fitar kuɗi, ka karɓi rasit. Ranar taro kuma ka je da ƙafarka, kada ka tura yaron jirgi.