Yadda Za Ka Zaɓi Watan Tafiya Antatika

A ƙarshen Disamba, lokacin da hazo ya lulluɓe Katsina har ba a hango hasumiyar Gobarau daga nesa, dattawa kuma suna zagaye da wuta bayan sallar asuba kowa da mayafinsa, a daidai wannan lokacin ne nahiyar Antatika da ke ƙarshen kudancin duniya take cikin ɗuminta. Abin da mai niyyar zuwa can ya kamata ya fara riƙewa ke nan: yanayinsu kishiyar namu ne. Idan damina ta kankama a nan, wato Yuni zuwa Agusta, can duhu ne da sanyin da ba ya misaltuwa, domin a ranar 21 ga Yuli, 1983, tashar bincike ta Vostok ta auna sanyin da ya kai digiri 89.2 ƙasa da sifili. Babu jirgin yawon buɗe ido da ke zuwa a waɗannan watanni. Ƙofar tana buɗewa ne daga Nuwamba zuwa Maris, kuma a cikin waɗannan watanni biyar za ka yi zaɓinka.

Mafi yawan matafiya suna tashi ne daga Ushuwaya, wani gari a kudancin Ajantina, su ratsa mashigin teku na Drake cikin kwana biyu, su isa zirin ƙasar da ya miƙo daga nahiyar yana fuskantar Kudancin Amurka. Duk bayanin da zai biyo baya ya shafi wannan zirin ne.

Nuwamba watan masu son ganin wurin kafin ƙafa ta taka shi ne. Dusar ƙanƙara tana nan fara tas, tsaunukan ƙanƙarar da ke yawo a kan ruwa ba su fara zaizayewa ba, tsuntsayen fenguwin kuma, waɗanda ba sa tashi sama sai dai iyo, suna cikin neman aure da gina sheƙa. Sheƙar tasu ta tsakuwa ce, kuma za ka ga namiji ya ɗauko tsakuwa ɗaya a baki, ya taho yana rangaji, ya ajiye ta gaban matarsa, wani lokaci ma daga sheƙar maƙwabci ya sato ta. Kuɗin jirgi yakan ɗan yi sauƙi a wannan wata. Sai dai ƙanƙarar da ta daskare a kan teku ba ta gama narkewa ba, saboda haka wasu mashigai a toshe suke, kuma sanyin ya fi na watannin da ke biye tsanani.

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu ne kasuwar take ci. Yanayi yakan tsaya kusa da sifili ko ya ɗan haura, 'ya'yan fenguwin suna ƙyanƙyashewa, rana kuma tana yin kusan awa 20 ko fiye a sama. Mu da muka saba da yinin da ba ya gaza awa 11 kuma ba ya wuce 13 duk shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne: ƙarfe sha ɗaya na dare ka leƙa taga ka ga gari kamar bayan la'asar, barci ya ƙi zuwa, lissafin lokutan salla ya rikice. Idan jirgi ya tsallaka layin da'irar Antatika, wajen digiri 66 da rabi a kudu, a kwanakin da ke kewaye da 21 ga Disamba rana ba ta faɗuwa sam. Malamai sun yi bayanin yadda ake ƙaddara lokutan salla a irin wannan wuri, don haka ka zauna da malaminka kafin ka tashi, ka rubuta abin da ya ce a takarda. Alƙibla ba za ta ba ka wahala ba, domin daga zirin tana wajen gabas ne. Wannan ne kuma lokacin da kuɗi ya fi tsada, kuma kujeru sukan ƙare tun watanni da yawa kafin tafiya.

Fabrairu da Maris na masu son manyan dabbobin teku ne, waɗanda ake kira wel, domin a lokacin suke taruwa da yawa suna kiwon ƙananan halittu masu kama da jatan lande. Ƙanƙarar teku ta ja baya iyakar ja, jirgi yana iya kutsawa kudu sosai. Amma kada ka zata za ka tarar da farin filin da kake gani a hoto: mazaunin fenguwin ya zama taɓo da kashi, warinsa yana tarar mutum tun daga cikin kwalekwale, 'ya'yan sun girma suna zubar da gashin jarirai. Zuwa 20 ga Maris dare da yini sun daidaita kamar a gida, sanyi ya fara dawowa, jirage suna haramar komawa.

A ganina, wanda zai je sau ɗaya a rayuwarsa, kuma mafi yawanmu idan Allah ya nufa sau ɗayan ne, ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu ya fi dacewa da shi, domin zai riski 'ya'yan tsuntsaye, ya riski wel, hanyoyi kuma a buɗe. To amma a nan ne kalandarmu take shigowa, abin da kamfanonin jirage ba za su tuna maka ba. Watan Ramadan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma bisa lissafi zai kama wajen 8 ga Fabrairu a 2027, wajen 28 ga Janairu a 2028, sannan tsakiyar Janairu a 2029, ganin wata ne dai zai tabbatar. Wato shekaru da dama a jere azumi zai faɗo cikin mafi kyawun makonnin tafiya. Gaskiya ne matafiyi yana da rangwamen ajiye azumi ya rama, amma wanda ya zaɓi ya riƙe zai fuskanci yinin da ya haura awa 16 a farkon Fabrairu, ga jiri da amai a mashigin Drake, ga maganin jirin da ake so a sha kan lokaci. Ban da wannan, ba kowane Bakatsine ne zai yarda tarawihi da tafsiri su wuce shi yana cikin teku ba, balle hawan Sallah da hawan Bariki. Saboda haka a waɗannan shekaru na fi ba da shawarar farkon Disamba zuwa tsakiyarsa, kafin tsadar hutun Kirsimeti ta hau.

Wanda ke tsoron teku yana iya hawa jirgin sama daga Punta Arenas a ƙasar Chile zuwa tsibirin King George da ke kusa da zirin Antatika cikin kimanin awa biyu, sai dai wannan hanya ta fi aiki ne daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma hazo yakan jinkirta tashi, don haka ka bar kwanaki na rara a tikitinka. Girman jirgin ruwa ma yana da alaƙa da watan da ka zaɓa. Ƙa'idar ƙungiyar masu kai baƙi Antatika, IAATO, wadda aka kafa a 1991, ita ce mutum 100 kawai ke sauka a wuri ɗaya a lokaci guda, kuma jirgin da ya ɗauki fasinja fiye da 500 ba ya saukar da kowa. A tsakiyar kakar tafiya, lokacin da jirage suke bin layi a kan wurare kaɗan, ƙaramin jirgi ne zai ba ka damar taka ƙasa sau da yawa.

Antatika ba ta ƙarƙashin mulkin wata ƙasa, yarjejeniyar 1959 ce take tsara al'amuranta, don haka ba ta da biza tata. Bizar Ajantina ko ta Chile kake bukata, kuma ɗan Najeriya sai ya nema tun da wuri. Idan Disamba ka tsayar, ka biya kuɗin ajiyar kujera tun farkon shekarar, ka fara neman biza kafin damina ta yi nisa, sannan ka shirya isa Ushuwaya kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, domin hanyar daga Katsina zuwa can tana da sauyin jirgi uku ko huɗu, jirgin ruwa kuwa ba ya jiran wanda jakarsa ta makara.