Yadda Ɗalibi Zai Zaɓi Wurin Sanin Makamar Aiki a Kano, Ya Kuma Ci Moriyarsa

A manyan makarantun Kano, tun daga Jami'ar Bayero har zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, akwai lokacin da ake sallamar ɗaliban kimiyya da injiniyanci da noma da aikin jarida da makamantansu daga aji, a tura su wuraren aiki domin sanin makamar aiki. Wannan shi ne shirin SIWES, wanda ɗalibai suka fi kira da IT. Hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, ita ce ta ƙirƙiro shi a 1973, bayan masu masana'antu sun yi ta kukan cewa waɗanda ake yayewa sun san littafi amma ba su san inji ba. Ɗalibin jami'a yakan yi wata shida a yawancin kwasa-kwasai, mai karatun difloma wata huɗu, sannan akwai shekara guda da ake bukata bayan ƙaramar difloma kafin a shiga babbar. Abin da nake so kowane ɗalibi ya riƙe shi ne, waɗannan watanni su ne kaɗai lokacin da mutum zai ɗanɗana sana'a, in ta yi masa ya rungume ta, in ba ta yi masa ba ya juya ba tare da ya yi asarar komai ba. Saboda haka zaɓen wuri ba abin da za a bari sai mako biyu kafin tafiya ba ne.

Ka fara shiri tun farkon zangon karatun da ke gaban tafiyarka, kuma ka fara da tambayar kanka irin aikin da kake so ka wayi gari kana yi bayan shekara biyar. Sunan kwas bai isa ya ba ka amsa ba. Mai karanta kemistiri, alal misali, yana iya ƙarewa a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin lemo, ko a majemar fata, ko a matatar ruwa irin ta Tamburawa, ko a hukumar NAFDAC, ko kuma a gaban allo yana koyarwa, kuma waɗannan ayyuka sun sha bamban ta fuskar lokacin tashi, da wahala, da samu, da irin mutanen da ake hulɗa da su. Ka ware biyu daga cikinsu da zuciyarka ta fi karkata gare su, sannan ka nemi waɗanda ke ajin gaba da kai da suka riga suka je irin waɗannan wurare, ka tambaye su abin da hannunsu ya taɓa, ba abin da idonsu ya gani kawai ba.

Tarukan da ake yi a cikin makaranta suna da amfani ƙwarai a wannan mataki, kodayake ɗalibai da yawa ba su ɗauke su da muhimmanci ba. Taron wayar da kai da ofishin SIWES ke shiryawa wajibi ne, domin a nan ake bayanin takardu da ranakun mayar da su. Bayan shi akwai makon sashe da ƙungiyoyin ɗalibai ke shiryawa, inda akan gayyato tsofaffin ɗalibai da ke aiki a bankuna da kamfanoni da gidajen rediyo; akwai laccocin da ake yi a ɗakin taro na Musa Abdullahi a sabuwar Jami'ar Bayero, da waɗanda ake yi a Gidan Mambayya da ke Gwammaja; a wajen makaranta kuma akwai kasuwar baje koli da KACCIMA, ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, ke shiryawa a filinta na titin gidan Zoo zuwa ƙarshen shekara, inda za ka tarar da ma'aikatan kamfanoni a rumfunansu ba tare da mai gadi ya tsare ka ba. Ribar irin wannan taro tana cikin mintuna goman da ke biyo bayan addu'ar rufewa. Ka jira har masu gaisuwa su ragu, ka matsa kusa da baƙon ka ce: "Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne a aji uku a wannan sashe, zan tafi sanin makamar aiki a zango mai zuwa. Ko wurinku na karɓar ɗalibai, kuma wa ake kai wa takarda?" Tambaya ce gajera wadda ba ta ɗora wa kowa nauyi, kuma sau da yawa amsarta suna ne da lambar ofis. Game da labaran da ke yawo a zaurukan WhatsApp na aji, cewa an ɗaga rana ko an sauya fom, kada ka yi aiki da su sai ka ga takarda mai sa hannu a allon sanarwar sashe ko ka ji daga bakin jami'in SIWES.

Ɗalibin Kano yana da gatan da ɗaliban garuruwa da dama ba su da shi, wato yawan wuraren zuwa. Bompai da Sharaɗa da Challawa da titin Haɗeja cike suke da kamfanonin robobi da abinci da man girki da sarrafa shinkafa da jimar fata. Mai karatun noma ko kimiyyar abinci yana da Dawanau, inda masu fitar da riɗi da zoɓo da citta zuwa ƙasashen waje ke da rumbuna da injinan tacewa, yana kuma da cibiyar binciken noma ta IITA da hukumar bunƙasa noma ta jiha, wato KNARDA. Masu fannin lafiya suna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala da na Ƙashi da ke Dala. Masu aikin jarida suna da Rediyon Kano da ARTV da Freedom da sauran tashoshi masu zaman kansu. Kada kuma a raina ƙananan wurare: shagon gyaran waya da kwamfuta a kasuwar Farm Centre, ko ɗan kamfanin haɗa wutar sola mai ma'aikata shida, yakan bai wa ɗalibi damar riƙe kayan aiki tun a makon farko, alhali a wani babban ofis mai sanyin na'ura yana iya cinye wata shida yana kai fayil daga tebur zuwa tebur. Sharaɗin kawai shi ne ka tabbatar makarantarka ta amince da wurin kafin ka ɗauki alkawari.

Idan ka karɓi takardar gabatarwa daga makaranta, ka yi kwafinta da yawa, ka haɗa kowace da gajeriyar takardar neman gurbi da ka rubuta da kanka, wadda ta ambaci sashen da kake so a kamfanin da dalilin son sa. Ka kai da ƙafarka, da safe, cikin shiga mai tsafta. Mai gadi ne mutum na farko da za ka haɗu da shi, ka gaishe shi kamar yadda za ka gai da mahaifinka, domin shi ya san ranar da manajan ma'aikata ke zama da kuma lokacin da ba a damunsa. Ka roƙi a buga maka hatimin shaidar karɓa a kan kwafinka, ka koma bayan mako guda ka bibiya. Ba laifi ba ne kawu ko maƙwabci ya yi maka hanya, amma ka gaya masa ainihin aikin da kake son koya, don kada ya ajiye ka inda ya fi masa sauƙi.

Kafin ka amsa tayin wuri, ka san wanda za a haɗa ka da shi, da lokacin shiga da na tashi, da ko ana aikin dare ko na Asabar. Ka lissafa kuɗin Adaidaita Sahu na wata guda daga unguwarku, domin mazaunin Rijiyar Zaki da ya karɓi gurbi a Tokarawa yana iya fara fashi tun kafin wata na biyu ya ƙare. Ɗaliba kuma ta tattauna lokacin tashi da iyayenta ko maigidanta tun kafin ta sa hannu. Wasu kamfanoni suna ba da ɗan abin mota, wasu ba sa bayarwa, kuma bai kamata a gina lissafi a kan alawus ɗin shirin ba, tunda ba abin da ake samu wata-wata ba ne. Da zarar ka fara aiki, ka mayar wa makaranta takardar karɓa, ka cike fom ɗin fara aiki da ake kai wa ofishin ITF, ka adana Fom 8 da za a cike a ƙarshe.

Littafin logbuk, wato littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi kowace rana, shi ne inda ake gane wanda ya yi aiki da wanda ya yi zaman jira. Ka rubuta shi kullum kafin ka bar wurin, ba ranar da aka ce malami mai duba ɗalibai na tafe ba. Ɗalibin da ya rubuta "na taimaka a ɗakin gwaji" bai faɗi komai ba. Wanda ya rubuta cewa ya ɗebi samfurin riɗi daga buhuna daban-daban, ya auna danshinsa da na'ura, ya ga an ware buhunan da danshinsu ya haura abin da mai saye ya yarda da shi aka mayar da su shanya, sannan ya zana na'urar a shafin zane, wannan ya riga ya rubuta rabin rahotonsa, kuma ranar kare rahoto ba wanda zai ƙure shi. A nan dole in faɗi abin da ke damuna. Akwai ɗaliban da ke zama a gida ko su koma kasuwa, in lokaci ya yi su nemi wani ya cike musu littafi, a buga hatimi a ba da ɗan goro. Suna samun maki, amma ranar da aka zaunar da su gaban masu ɗaukar aiki aka ce su bayyana yadda ake kunna injin da suka ce sun yi wata shida a kansa, babu hatimin da zai yi magana a madadinsu. Wanda kasuwanci ke ciyar da shi ya fi kyau ya nemi wurin da za a daidaita masa lokaci, ya faɗa wa jami'in SIWES gaskiya tun farko.

A makonnin farko za a aike ka sayen abinci, a sa ka ɗaukar hoton takardu, kuma ba za a bar ka kusa da abu mai tsada ba. Ka yi haƙuri da wannan, ka riƙa zuwa kafin lokaci, ka kuma lura da tsofaffin ma'aikatan da ba su da digiri amma sun shekara ashirin a kan inji, domin galibi su ne ke koyarwa idan aka girmama su. "Baba, don Allah in za a kwance famfon nan a kira ni in riƙe muku fitila" ta fi buɗe ƙofa a kan nuna musu abin da aka koya a aji. Ka kiyaye dokokin kariya, musamman takalmi da safar hannu da abin rufe hanci a wuraren sinadarai, kada kuma ka ɗauki hoton cikin kamfani ka ɗora a Facebook ba da izini ba.

Idan ka kai tsakiyar wa'adi, ka zauna ka auna aikin da kanka. Ka dubi wanda ya girme ka da shekara goma a wurin, ka tambayi zuciyarka ko za ka so zama a kujerarsa. Ka bincika takardun da suka kai shi can: akanta zai ambaci jarrabawar ICAN ko ANAN, injiniya rajistar COREN, malamin makaranta ta TRCN, kuma wasu daga cikin waɗannan, kamar matakin share fage na ICAN da ake kira ATS, ana iya fara su tun mutum yana ɗalibi. In ka ga aikin bai dace da kai ba, ka nemi a zagaya da kai wani sashe na kamfanin a watannin da suka rage. Mako biyu kafin ka gama, ka roƙi takardar shaidar kammalawa a kan takardar kamfani mai tambari, ka nemi izinin wanda ya horar da kai na sa sunansa cikin masu ba da shaida a kanka, sannan ka tambaye shi wace matsala ce a wurin ba a samu lokacin bincikawa ba, ka kai ta ga malaminka a matsayin batun kundin bincikenka na ajin ƙarshe.