"An gano maganin sankarar jini": kurakuran da muke yi da irin wannan labari

Duk bayan 'yan watanni sai labarin ya zagaya WhatsApp a Damagaram: masana sun haɗa wani sinadari mai kashe ƙwayoyin sankarar jini. Kafin la'asar an tura wa duk mai majinyaci a gida.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ba ma tambaya: a ina ya kashe su? Galibi cikin ɗan faranti ne a ɗakin gwaji, kan ƙwayoyin da ake raino irin su K562, waɗanda aka ɗebo daga jikin wata mata tun 1970. To ai ruwan jabel ma zai kashe su a faranti, amma wa zai ɗura wa ɗansa? Abin da ake nema shi ne sinadarin da zai kashe masu cutar ya ƙyale lafiyayyun ƙwayoyin ɓargo, hanta da ƙoda kuma su jure shi. Saboda haka ka duba: faranti ne, ɓera ne, ko mutum? Ko an kai ga mutane, akwai matakai uku kafin amincewa, kuma kusan 9 cikin 10 na magungunan da suka shiga gwajin ba sa kai labari.

Dubi tsawon lokacin da imatinib, wani maganin sankarar jini da ya yi nasara, ya ɗauka. An gano lahanin da yake yaƙa, wani canji a ƙwayoyin halitta da ake kira kuromozom ɗin Filadalfiya, a 1960. An fara ba mutane shi a 1998, Amurka ta amince da shi a 2001.

Wani kuskuren kuma shi ne ɗaukar cutar kamar iri ɗaya ce. Manyan nau'o'inta huɗu ne, kuma imatinib ya yi suna ne kan wanda likitocinmu ke kira LMC (nau'in da ke tafiya a hankali, daga ɓargo), domin yana toshe furotin BCR-ABL da wancan lahanin ke haifarwa. Inda babu wannan furotin, galibi ba ya tsinana komai. Ka sa likita ya rubuta maka sunan nau'in da majinyacinka ke da shi. Wasu ma da sikila suke haɗa ta, alhali sikila gadonta ake yi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne barin maganin asibiti don jiran sabon, ko sayen wani garin magani ta intanet mai ɗauke da sunan sinadarin. Ba a san adadin da jikin mutum zai ɗauka ba tukuna. Ka ci gaba da maganin da aka ɗora ku a kai, ka nuna wa likita labarin ranar awon jini na gaba.