Kurakuran da ake yi wajen haɗa kayan hawan Kilimanjaro

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram, in aka ce masa sanyi, hunturu yake tunawa. Sai ya shiga gwanjo ya sayi jibgegiyar riga guda ɗaya, ya ce ya gama shiri. Wannan kuskuren ya fi kowanne cutarwa. Dutsen Kilimanjaro, a Tanzaniya, tsayinsa mita 5,895 ne. Cikin kwana shida ko bakwai da ake yi ta Machame, ɗaya daga hanyoyin hawansa, za ka faro daga kurmi mai damshi da ruwan sama, ka ƙare a inda ruwan sha ke daskarewa a gora. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Riga ɗaya ba za ta iya da wannan ba: ka sa ta ka jiƙe da gumi, ka cire ta ɗari ya kama ka. Abin yi shi ne sutura hawa uku, ta ciki marar nauyi, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa, kana ƙarawa kana ragewa a hanya.

Ta cikin nan kada ta zama auduga. Na san mun saba da ita, a garuruwanmu ma babu kamarta, amma a kan dutse tana shanye gumi ta riƙe, da ka tsaya hutu sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a bayanka. Jiƙewar nan ce ke kayar da mutane, fiye da sanyin kansa. Singileti da wandon jins su zauna a gida, a nemi ulu ko yadin roba mai saurin bushewa, har safa. Ka kuma ware riga da safa busassu waɗanda ba ka taɓa su sai lokacin kwanciya.

Sabon takalmi kuwa, kada ranar hawa ta zama ranar fara sa shi. Ka yi makonni kana yawo da shi, ya ɗan ɗara ƙafarka, ka yanke farce, domin a gangara yatsu ke dukan gaban takalmi.

Sai rabon kaya. 'Yan dako ne ke ɗaukar babbar jakarka, yawancin kamfanoni ba sa yarda ta wuce kilo 15, kuma su kan wuce ka tun da safe, ba ka sake ganinta sai a zango. Wanda ya cusa rigar ruwansa a ciki, ruwa zai yi masa duka alhali rigar tana can gaba. Rigar ruwa, ruwan sha, magani da tabarau duk a ƙaramar jakar bayanka suke zama. Kada ka dogara da leda wajen kare kaya, Tanzaniya ta haramta ta tun 2019, ka nemi jakar da ruwa ba ya ratsawa.

Daren da za a hau ƙololuwar dutsen, daga zangon Barafu ake tashi wajen tsakar dare. Tocilar hannu ba ta yi, sai ta ɗaurawa a goshi, hannuwanka na cikin safar hannu mai kauri. Sanyi na zuƙe batir, don haka waya da batiran ajiya su kasance a aljihun ciki, jikin fata. Gorar ruwa kuma ka zura ta cikin safa, ka juya bakinta ƙasa, tunda daga sama ruwa ke fara daskarewa.