Yadda Za Ka Zaɓi Monitar Dandamali Maimakon Amfilifayar Jita Mai Nauyi

Duk makaɗin jitar da ya taɓa cicciɓar amfilifayar Fender Twin Reverb daga bayan mota zuwa kan dandamali ya san abin da kilo 29 yake yi wa kwankwaso, kuma Vox AC30 ta fi ta nauyi, domin ta haura kilo 30. Wannan ne ya sa makaɗa da yawa suke komawa ga monita mai amfilifaya a cikinta, wato lasifikar da ake kishingiɗawa a gaban makaɗi ta jefo masa sauti a fuska. Sai dai kafin ka fitar da kuɗinka, ya kamata ka san cewa aikin na'urorin biyu ba ɗaya ba ne.

Amfilifayar jita ita ce take ƙera muryar jitar, kuma lasifikarta ba ta fitar da sautin da ya wuce kusan hatz 5,000 (hatz shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti), abin da yake tausasa kaifin ƙarar. Ita kuwa monita an yi ta ne don ta maimaita abin da aka ba ta ba ƙari ba ragi, har da siririn sautin sama. Saboda haka idan ka jona jita da fedar ƙara, wato na'urar da ake takawa don ta kausasa sautin jita, kai tsaye a cikinta, abin da zai fito shi ne ƙara mai soke kunne. Dole ne ka mallaki na'urar da take kwaikwayon amfilifaya da akwatin lasifikarta, irin su Line 6 Helix ko Kemper Profiler ko Quad Cortex, kuma ka tabbatar cewa sashen kwaikwayon akwatin a kunne yake. Wanda ba shi da wannan na'ura, da ita ya kamata ya fara.

Daga nan sai maganar ƙarfi, kuma a nan ne masu saye suka fi ruɗuwa. Wat 2,000 da ake rubutawa a jikin kwali yawanci ƙololuwar ƙarfi ce ta ɗan lokaci, kuma ko an ninka wat sau biyu, ƙarin da ake samu desibel 3 ne kawai. Abin dubawa shi ne iyakar ƙarar da monitar take iya fitarwa, wadda ake rubutawa da desibel. QSC K10.2, alal misali, tana kaiwa 130, alhali nauyinta kilo 14.5 ne, rabin na Twin Reverb ke nan. A ra'ayina, lasifika mai inci 10 ita ce daidai ga yawancin masu jita, domin tsirkiyar jita mafi kauri hatz 82 take bayarwa, ba ta bukatar zurfin da mai inci 12 yake kawowa tare da ƙarin nauyi. Mai inci 8 irin QSC CP8, wadda ba ta cika kilo 10 ba, ta wadatar a ƙaramin zaure, amma tana iya gazawa kusa da mai ganguna mai nauyin hannu.

Ka juya monitar ka duba bayanta da kyau. Kana bukatar mashigar da take karɓar XLR, wato irin kan wayar makirufo, da babban jak irin na wayar jita, da kuma mafita ta XLR da za ta wuce da sautinka zuwa mikisa, wato na'urar haɗa sauti, sannan da saitin da yake rage amon ƙasa idan an kwantar da ita, domin daɓen katako yana kumbura wannan amo har ya lulluɓe sautin. Ka karanta rubutun da yake kusa da mashigar wuta: na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka tana iya zama ta bolt 120 kaɗai, alhali wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 240.

Kada ka yanke hukunci da gwajin cikin ɗaki. Kunnen ɗan Adam yana ƙara jin sautin ƙasa da na sama idan an ɗaga ƙara, don haka saitin da ya yi daɗi da dare a gida yana iya yin kaifi da kauri a dandamali. Ka tafi shago da jitarka da na'urarka, ka ɗaga ƙarar zuwa yadda kake wasa, ka datse abin da yake ƙasa da hatz 80 zuwa 100 da abin da ya haura 6,000 zuwa 8,000, sannan ka saurara. Abin da za ka ji ya fi kama da amfilifayar da aka ɗauka da makirufo, wato irin sautin da masu sauraro suke ji. Idan ranka bai kwanta da hakan ba, ka gwada Line 6 Powercab 112 ko Fender Tone Master FR-12, waɗanda aka ƙera da siffar amfilifaya don a ajiye su a bayan makaɗi, kuma nauyinsu bai kai kilo 20 ba.