Yadda za ka haɗa takin rami da rani

Masu zuba shara a rami su dawo bayan wata uku su tarar da kara yana nan yadda suka bar shi, wallahi laifin ba na karan ba ne, ƙananan halittun da ke cin sa ne aka bari da ƙishirwa. Bakteriya da fumfuna ke wannan aiki, suna cikin kashin shanu da ƙasar gona, kuma a zafin Marwa ko Garwa (arewacin Kamaru) na Maris da Afrilu da yake wuce digiri 40, in rami ya bushe sai su daina aiki kawai.

To ka haƙa raminka a inuwa, gindin darbejiya ya yi, kada zurfin ya wuce mita ɗaya. Ka sassara karan dawa ko na masara ƙanana ka shimfiɗa, ka zuba kashin shanu ko na awaki a kai, sai ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya, ka barbaɗa ƙasa kaɗan, ka yayyafa ruwa, haka haka har ya cika sannan ka rufe da ciyawa ko tsohuwar tabarma. Leda da batir kam a tsince su. Toka ma kaɗan, in ta yi yawa ƙarfin takin ne yake tashi a iska.

Ruwan nan shi ne inda mutane suke faɗuwa. Ka damƙi takin a hannu ka matse, in ya dunƙule kuma ɗigo ɗaya ko biyu ya fito to daidai ne, in ya zubo ta tsakanin yatsu ka cika ruwa, iska ba za ta shiga ba, wasu bakteriyan da ba sa son iska su karɓe wurin, shi ne za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai har maƙwabta su fara magana.

Ka soka sanda a tsakiya, bayan 'yan kwanaki ka zaro ka taɓa. Zafi rau da danshi, aiki na tafiya, cikin yana iya kai digiri 60 kuma wannan zafin ne ke kashe yawancin irin ciyawa. Duk sati biyu ka juya da shebur, na gefe ya koma tsakiya. Farin abu kamar zare a jikin kara fumfuna ce, bar ta.

In ya yi baƙi, ya huce, yana ƙamshin ƙasa, ya nuna, wata biyu zuwa uku ke nan, sai ka rufe shi daga rana har lokacin kai wa gona.