Yadda Ake Tantance Dutsen Ado Kafin a Sa Shi a Tankin Kifi

Ruwan tankin gilashi ba ya gudu kamar na kogi. Duk abin da dutse ya saki a ciki, nan zai taru har ya canza ruwan, kifi kuma ba shi da wurin tserewa. Shi ya sa ake gwada kowane dutse kafin ya shiga, komai kyansa.

Fara da ido. Dutsen da aka yi wa fenti ko rini, irin wanda ake zubawa a tukunyar fure, ajiye shi gefe, sai in an rubuta a jikin ledarsa cewa na tankin kifi ne. Haka ma mai jijiya koriya shar ko shuɗiya: sau da yawa malakayit ne ko azurayit, kuma suna ɗauke da jan ƙarfe, wanda ɗan kaɗan ya isa ya kashe jatan lande da dodon koɗi. Mai ƙyalli kamar zinari yawanci fayirayit ne, yana tsatsa a ruwa ya saki asid. Wanda ke marmashewa idan ka murza shi zai riƙa dagula ruwa kullum. Waɗanda aka fi natsuwa da su su ne giranit, kuwaz, sileti, basalt da dutsen aman wuta.

Sai gwajin ruwan khal, a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Wanke dutsen, bar shi ya bushe, ka kankare wani gefe da ƙusa har gari ya fito, sannan ka ɗiga farin ruwan khal sau 3 ko 4 a wurin. Kawo ido kusa, ka kuma saurara. Idan ƙananan kumfa suka taso, dutsen na da sinadarin kalsiyam kabonet, kamar dutsen farar ƙasa, mabul, murjani da kwanson dodon koɗi. Irin wannan yana narkewa a hankali, ya ɗaga pH (ma'aunin tsamin ruwa: yana hawa, tsami na raguwa), ya ƙara wa ruwa yawan ma'adinai. Kankarewar nan ba ta banza ba ce: asid ɗin ruwan khal wajen kashi 5 cikin 100 ne kawai, dutse irin dolomayit kuwa ba ya nuna kumfa sai an taɓa garinsa.

Dutse mai kumfa ba guba ba ne, ya danganta da kifin da kake kiwo. Kifayen sikilid na tafkin Malawi da na Tanganyika ruwa mai pH kusan 8 ko sama suke so, dutsen farar ƙasa taimakonsu ma yake yi. Amma tetira da diskus, 'yan asalin kogin Amazon, ruwa mai ɗan tsami suka saba da shi, wannan dutse wahalar da su zai yi.

Gwajin bokiti ya fi na khal tabbas, sai dai yana son haƙuri. Cika bokiti 2 da ruwan da kake zuba wa tanki, sa dutsen a ɗaya, bar ɗayan haka nan. Bayan kwana 7 ka auna pH da yawan ma'adinai na duka biyun. Bokitin da ba dutse shi ne ma'auninka, domin ruwan famfo kan canza pH da kansa idan ya kwana a buɗe. In ka ga tazara bayyananniya tsakaninsu, ko ruwan ya canza launi, ko wani maiƙo ya taso, dutsen ya faɗi gwaji.

Wanda ya ci gwaji, goge shi da buroshi mai tauri da ruwa zalla. Ban da sabulu, domin yana maƙalewa a ramukan dutse. Kada kuma ka dafa shi ko ka sa shi a wuta, iska ko ruwan da ke kulle a ciki na iya fasa shi. Idan daga waje ka tsinto shi, jiƙa shi minti 15 cikin bilic marar ƙamshi awo 1 da ruwa awo 19, ɗauraye sosai, sake jiƙawa da maganin cire kulorin, ka shanya ya bushe ƙarau. Ja siririyar safa a kansa; duk inda ta saƙale, nan zai yaga fiffiken kifi, sai a goge da samfefa.

Wajen jerawa, manyan duwatsu ne ke fara shiga kafin yashi, a kan siririn soso ko faifan roba don kada tsininsu ya danne gilashin ƙasa. Idan ka ɗora su a kan yashi, kifi mai tono zai rarake ƙarƙashinsu su rufto. Kada ka jingina dutse da gilashin gefe. In za ka ɗora wani kan wani, manna su da silikon na tankin kifi, ba na banɗaki mai maganin fumfuna ba, ka bar shi aƙalla awa 48, har warinsa ya tafi, kafin ruwa ya taɓa shi.